Baƙin Liyarin Affala

Kai, ajiye tsumman nan! Ajiye na ce. Wa ya aike ka goge shi? Ku yaran yanzu, da kun ga tsohon kuɗi ya yi baƙi sai hannunku ya kama ƙaiƙayi. Kun ɗauka sana'ar nan ba komi ba ce: a ji inda anka yi rasuwa, a tafi a kwashi tarkace da arha, a ɗauki hoto da salula, wani can ya turo kuɗi. To ku jawo benci ku zauna, in gaya muku yadda na koye ta, da mutumin da na koya a hannunsa.

Ni Sani ban shigo ta ina yaro ba. Dillancin bisashe nake yi a kasuwar Tawa, har fari na farko ya zo, wanda a ƙarshensa soja sunka karɓi mulki. Bisashe sunka ƙare, dillali kuwa in babu bisa ba shi da aiki. Ga mata, ga ɗiya, ina zaune a rumfa ina korar ƙuda. Sai Baba Illo, maƙwabcin mahaifina, ya ce in zo in riƙa raka shi ƙauyuka, don ƙafa ta fara ba shi wahala. Dogo ne siriri, maganarsa ba ta da yawa, dariyarsa kuwa sai ka yi sa'a. Sana'arsa sayen tsofaffin kuɗin azurfa a wurin rabon gado. Allah ya jiƙansa, ban taɓa ganin mutum mai tsabtar ciniki irinsa ba.

Rabon gado na farko da na bi shi a Kalfu ne, gidan wani tsohon falke. A lokacin, in anka yi sadakar arba'in, liman da dattawa kan zauna a ƙofar gida a fito da kayan mamaci. Gona da bisa an san yadda ake raba su. Amma takobi ɗaya, ko akwati, ko igiyar liyari, ba su rabuwa tsakanin magada, sai a yi musu kuɗi a sayar a gaban shaidu. Liyari, in ba ku sani ba, shi ne babban kuɗin azurfa mai kan wata tsohuwar Nasara da lulluɓi, a bayansa tsuntsu mai kai biyu. Fatake sunka shigo da shi ta hamada tun kafin Faransa, mata na rataya shi a wuya, shi ne kuma ajiyar gida. Ni da na saba da kasuwar bisashe, muna isa na miƙa hannu zan ɗaga igiyar liyari. Baba Illo ya taka mini ƙafa har na ji a ƙoƙon kaina.

"Gaisuwa munka zo, Sani," in ji shi a hankali. "Ciniki shi zai same mu inda muke zaune."

Munka yi ta'aziyya, munka sha ruwa, munka zauna har rana ta karkata. Sai da babban ɗan mamacin ya ce, "Baba, ko ka duba muna waɗanga," sannan ya buɗe zabirarsa.

Kayan aikin duka a zabirar nan suke. Akwai ƙaramin ma'auni na tagulla a cikin akwatin katako. Akwai gilashin ƙara gani da ya tsage a gefe, da maganaɗisun da ya ciro daga mataccen rediyo, da wani baƙin dutse mai laushi da yake ɗora kuɗi a kai. Sauran zabirar kuwa auduga ce, cike. Ranar farko na yi masa ba'a, na ce, "Baba, kaɗi za mu yi?" Ya ci gaba da naɗinsa. Kowane kuɗi ya saya sai ya naɗe shi shi kaɗai a auduga, don kada su gogi juna a hanya su ci fuskar juna. Kuma ba ya taɓa riƙe kuɗi ta fuska, ta gefe yake riƙewa da yatsa biyu.

Kunne shi ne abin da ya fi ba ni wuya. Ya kan ɗora liyari a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefensa da wani, ya kawo kusa da kunnena. Azurfa ta gaskiya kukanta na da tsawo, yana tafiya yana sirancewa har ya ɓace. Jabu mai dalma a ciki kuwa ƙwas yake yi, ya yi shiru. Wannan kowa na iya ji. Wahalar tana ga na tsakiya, wanda anka haɗa azurfa da wani abu kaɗan. Wata da watanni yana sa ni rufe ido a bayan shagonsa yana ƙwanƙwasawa ina faɗi, in na kuskure ya ce, "Kunnen nan naka na jin kukan jaki ne kawai." Ranar da na fara rabewa ba kuskure, abin da ya ce mini shi ne in tashi in sawo mana goro.

Kashi uku yake kasa kuɗi. Akwai na wuta, waɗanda sunka sude ko anka huda su, maƙera ke saye su narke su yi zobe da munduwa. Akwai na wuya, masu kyan fuska, matan Filani da na Buzaye ke nema. Sai na akwati, waɗanda masu tarawa ke so, su kuwa kana iya shekara ba ka ci karo da ɗaya ba. Masu tarawar su ne Turawan da ke koyarwa a manyan lakol, da waɗanda sunka zo aikin hanyar Arlit, da 'yan kasuwar Kano da Yamai masu aikawa waje. Har da wani mushe, wato malamin lakol, Kirista mutumin kudu, da ke sayen kwabo mai huji da tsohuwar dalar Faransa don ya nuna wa 'yan ajinsa. Shi ba ya da kuɗi, amma Baba Illo ya fi son zuwansa da na kowa.

Yanzu ku buɗe kunne, ga inda maganar take. Na akwati abu biyu ke kashe shi a ƙasar nan tamu, kuma duka biyun mutanen kirki ke yin su. Na farko toka da tsamiya. Mu Adarawa abin kunya ne a fitar da kayan mamaci da dauɗa, a ce matarsa ƙazama ce. Kafin ranar rabo mata sun zauna sun dirje komi da toka da tsamiya da rairayi, har ya riƙa ɗaukar ido. Na biyu magagari. Namiji mai gaskiya ba ya son ya sayar da abin da bai tabbatar ba, sai ya kai wa maƙeri a ci gefen da magagari a ga farin ciki. Masu tarawa kuwa baƙin nan suke saye, da siraran layukan da ke fuskar kuɗin. In ka dirje ko ka ci gefen, ka mayar da shi na wuta ke nan. Baba Illo ya yi wa'azin wannan har ya gaji, mutane na ganin tsufa ne ke damunsa.

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni a wurinmu. Hatsi ya ƙone tun yana guiwa. Mutanen arewa sunka cika bakin garin Tawa, ana bin layin jar dawar taimako, ga iyakar Najeriya a rufe. Kada ku ɗauka shekarar cin riba ce gare mu. Azurfa ta yi yawa a kasuwa har ta faɗi, kowa na sayarwa ba mai saye. Kuma wallahi ba daɗi ka zauna gaban mutum yana kwance abin wuyan uwarsa.

A cikin shekarar nan anka kira mu Affala. Wani manomi, Nomau, ya rasu ya bar matarsa Kulu da ɗiya uku ƙanana. Ƙanensa Arzika shi ne waliyyin marayun, mutum ne mai gaskiya amma shi ma rumbunsa wayam. Tun kafin mu zauna ya gaya muna yadda anka yanke. In abin da kayan sunka kawo bai kai su ga kaka ba, ranar kasuwa mai zuwa za a raba yaran. Babbar a kai ta wurin gwaggonta a Takanamat, namijin kuwa Arzika ya ɗauke shi, Kulu ta koma gidan iyayenta da na goye.

Kulu tana cikin takaba, ba ta fitowa, daga bayan zana take magana. Ta turo ƙwarya ta ƙarƙashin zanan, igiyar liyarin gidan a ciki, tana walƙiya. Na ga hannunta lokacin da ta turo, yatsun duk sun tsage saboda toka. Baba Illo ya dubi ƙwaryar, ya runtse ido, ya ce, "Sannu da aiki, ɗiyata." Ya auna, ya ƙwanƙwasa, ya saya da nauyi, har ya ɗora kaɗan a kan farashin kasuwa. Kowa a wurin ya san abin bai kai su ko farkon damina ba. Arzika ya sunkuyar da kai.

Ana tattara tarkace, na ɗauki wata tsohuwar ɗamarar fata, ta kakan Nomau ce, wanda ya yi fatauci ta hamada. Ta bushe ta ƙandare, an jefa ta cikin abin da ba a yi wa kuɗi. Ina lanƙwasa ta na ji wani abu mai tauri a ɗinke a ciki. Na miƙa wa Baba Illo. Ya taɓa, bai farke ba, sai da ya kira liman da Arzika sunka matso, sannan ya sa wuƙa ya bi ɗinkin. Liyari ya faɗo a tafinsa, baƙi ƙirin.

Aka yi ta miƙa wuya ana kallo. Liman ne ya fara magana.

"Wanga jabu ne. Ku dubi matar, ba ta da lulluɓi. Kuma yarinya ce."

Gaskiya ya faɗi. Duk liyarin da munka sani tun kakanni fuskarsa ɗaya ce, tsohuwa mai lulluɓi, kuma an saba duk wanda ya saɓa da ita ba a karɓarsa. Wannan kuwa matar kanta a buɗe yake, gashi ya zubo a kafaɗa. Dattawa sunka ce lalle wani ya cuci kakan Nomau, shi kuma kunya ta sa ya ɓoye shi.

Baba Illo ya ɗora shi a yatsa ya ƙwanƙwasa. Kukan ya tashi ya yi ta tafiya. Ya sa a ma'auni, ya duba da gilashi, ya daɗe. Ku sani, a lokacin nan, da ya ce jabu ne ya miƙa kuɗin goro, da an ba shi har da godiya, ba kuma wanda zai taɓa sani.

"Baba, mi ka gani?" in ji Arzika.

"Ban sani ba," in ji shi. "Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ni ba na yi wa abin da ban sani ba kuɗi, balle kayan marayu. Akwai wanda ya fi ni sani a Yamai. Ka dakata da raba yaran nan mu je mu komo. Kuɗin mota a kaina."

Tsoho mai furfura, wanda duk Adar ta san shi da sanin azurfa, ya ce bai sani ba a gaban jama'a! Ranar na san mutumin da nake bi, kuma na ji alfahari har cikin raina.

Sai muryar Kulu daga bayan zana: "Baba, in Yamai za a kai shi, ku miƙo in wanke. Ga sauran toka nan."

Ban taɓa ganin Baba Illo ya zabura ba sai ranar. "A'a! A'a, ɗiyata, bar shi haka nan, mota za ta tsere muna." Ya naɗe shi a auduga ya ba Arzika, don shi ne waliyyi, a hannunsa ya kamata ya zauna. Ya ce masa, "Ba ruwa, ba toka, ba magagari. Ka ji ni?" Arzika ya ce ya ji.

A tashar Tawa munka yi ta jiran motar Yamai ta cika. Baba Illo na jingine yana hutar da ƙafa, na waiwaya ban ga Arzika ba. Na san inda mai gaskiya ke zuwa in shakka ta kama shi. Na kwasa da gudu zuwa maƙera. Can na same shi a durƙushe gaban Agali, wani tsohon maƙerin azurfa Buzu da muke kai wa na wuta. Auduga a ƙasa, liyari a hannun hagun Agali, magagari a dama.

"Arzika!" na daka masa tsawa. "Kana hauka ne? Mi Baba ya gaya maka?"

"Malam Sani, ka yi haƙuri," in ji shi. "Shingen jandarma nawa ne daga nan zuwa Yamai? In sunka same ni da kuɗin jabu a zamanin soja, wa zai fid da ni? Wa zai riƙe yaran? Gara a ci gefen kaɗan in san abin da nake ɗauke da shi."

Ina huci, amma na san tsoronsa ba na banza ba ne. Agali bai ko dube mu ba. Shi al'adarsa kafin ya sa magagari sai ya ji kukan abu. Ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai a cikin rawaninsa, ya sake. Sannan ya ajiye magagarin.

"Idona ya ce ƙarya ne, kunnena ya ce gaskiya ne," in ji shi. "In na ci shi, ba ni iya mayar da abin da na ci. Illo ya gani?"

Na ce ya gani, ya ce bai sani ba.

"To in Illo bai sani ba, ni wane ne? Naɗe abinka, ɗana. In jandarma sunka tambaya, ka ce Agali ya ce azurfa ce." Ya ƙi karɓar ko sisi. Da munka koma tasha ban gaya wa Baba Illo ba, amma ya dubi audugar da ta yi baƙin gawayi, ya dubi Arzika, ya ciro sabuwa daga zabira ya miƙa masa.

Mutumin Yamai wani tsohon Balarabe ne mai ƙaramin kanti, ya gaji sana'ar daga ubansa. Kafin ya taɓa liyarin sai da ya wanke hannu ya shanya. Ya riƙe ta gefe, ya auna, ya gwada faɗi da kauri, ya bi rubutun da ke zagaye da bakin kuɗin da gilashi harafi harafi. Bai yarda da idonsa shi kaɗai ba, ya ce mu komo gobe, ya aika anka kira wani Bature mai tarawa, shi ma ya duba nasa duban. Arzika dai ko abinci bai iya ci ba. Da munka komo tsohon ya zaunar da mu ya ce:

"Na gaskiya ne, kuma ya girmi duk waɗanda kunka sani. Matar nan ita ce dai waccan tsohuwar. Nan tana da ƙuruciya, mijinta na da rai. Lulluɓin da kuke gani a sauran, na mutuwar miji ne."

Arzika ya buɗe baki. "Ashe takaba take yi tun zamanin kakanninmu," in ji shi, sai hawaye.

Baba Illo ya fito da igiyar da Kulu ta dirje don ya sayar da ita nan. Tsohon ya bi su ɗaya ɗaya, ya tsaya a kan wani, ya ja tsaki. Ya ce shi ma tsohon bugu ne, da an bar shi da baƙinsa da ya yi daraja, amma yanzu na wuta ne. Da munka fito Baba Illo ya ce mana, "Maganar nan a Yamai za ta kwana. Wanda ya kai ta Affala ban yafe ba."

Baƙin liyarin bai mayar da kowa attajiri ba, kada ku ji ana ƙarya. Amma ya sayi hatsin da zai kai gida ɗaya ga kaka, har da iri. Baba Illo ya cire la'adarsa yadda ake cirewa a kowane ciniki, a gaban Arzika, ya ce shi ɗan kasuwa ne ba mai rabon sadaka ba. Ranar kasuwar da za a raba yaran, a ranar munka sauke buhunna a ƙofar gidan Nomau. Liman ya zo ya shaida, ya yi ta salati. Babbar yarinyar, wadda an riga an ɗaure mata ƙunshin tafiya Takanamat, ta zauna a kan buhu ta ƙi sauka.

Za mu tafi, sai Kulu ta yi gyaran murya a bayan zana. Ta yi godiya, ta yi addu'a.

"Baba, abu ɗaya ke damuna tun da kunka tafi," in ji ta. "Ku gafarce ni. Wallahi ban san yana cikin ɗamarar ba. Da na sani da na dirje shi tare da 'yan uwansa, ban bar ku kun kai wa baƙi kayan mai gidana da dauɗa ba."

Ni da Arzika munka dubi ƙasa. Baba Illo ya gyara zabira a kafaɗa.

"Ba komi, ɗiyata," in ji shi. "Sun yi haƙuri sun karɓa haka nan."

Damina ta gaba ruwa ya sauka. Yaran uku a gida ɗaya sunka girma, a hannun uwarsu, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya gaya mata.

To, miƙo mini shi nan in gani. Ta gefe, kai! Ta gefe za ka riƙe.